Bindigar fim daban, bindigar gaske daban: fashin baƙi kan abin da muka taso muna kallo

Akwai wani kawuna tsohon soja, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya zamanin ECOMOG a farkon shekarun 1990, to shi idan ana kallon fim ɗin harbe-harbe a falo da wuya ya kai ƙarshe. Ina tuna wani dare muna yara an sa kaset, akta ya kutsa gidan bos da 'yar libarba a hannu yana ta zubar da yaran bos ɗaya bayan ɗaya, mu muna ta ihu muna tsalle, Kawu kuwa ya yi shiru leɓensa kawai ke motsi, ashe ƙirga yake. Can ya ce "sha huɗu kenan, kuma shida take ci." Wannan bai dame shi ba, murmushi ma ya yi. Amma da aka zo wajen da akta ke hira da abokinsa yana nuna shi da bakin bindiga kamar mai nuni da sanda, yatsa kwance kan kunama, sai fuskarsa ta canza, ya miƙe ya ɗau butarsa ya fita. Da safe na ce "Kawu jiya me ya ɓata maka rai, ai wasa ne." Ya ce "Kai yaro, na ga wanda irin wannan riƙon ya kai kabari, kuma wanda ya harbe shi abokin cin tuwonsa ne."

Sai da na girma na gane abin da ya bambance a daren. Mafi yawanmu ba mu taɓa riƙe bindiga ba, Allah ma ya sa kada buƙatar hakan ta taso, amma kowa ji yake ya san yadda take aiki, kuma in ka bi diddigi za ka tarar malaminsa fim ne, na Amurka ko na Indiya ko na Hong Kong. Wasu ƙarairayin na ado ne kawai ba su cutar da kowa, wasu kuwa su ne ke sa mutum ya ɓuya inda ba a ɓuya, ko ya yi wa wanda aka harba abin da zai ƙarasa shi, kuma a wannan zamani da ƙarar bindiga ta zama abin da ake ji a garuruwa da ƙauyukanmu maganar ta wuce hirar gidan kallo.

Mu fara da wadda kowa ya sani, harsashin da ba ya ƙarewa. AK-47 magazin ɗinta na yau da kullum harsashi 30 yake ci, idan kuma aka sa ta a feshi tana fitar da kusan 600 a minti ɗaya, wato 10 a kowane sakan, kenan in ka danne kunama ba ka saki ba cikin sakan 3 ta zama fanko. Sakan uku fa, kafin ka gama amsa sallama. Aktan da ya yi minti ɗaya cur yana feshin wuta yana buƙatar magazin 20, nauyinsu a cike ya haura kilo 15, ga bututun da zai yi zafin da katakon gaban bindigar zai fara hayaƙi, ga kuma bakin bindigar da ke ɗagawa sama da kowane harbi ta yadda bayan 'yan harsasan farko sauran duk sama suke tafiya. Shi ya sa sojan da ya san aikinsa yawanci ɗai-ɗai yake harbi ko biyu uku ya saki, saboda duk abin da zai harba a bayansa ya ɗauko shi. A fim kuwa harsashin fanko ake amfani da shi, kwanso ne da albarushi babu kan dalma a gaba, to tunda babu wani abu mai nauyi da ke fita bindigar ba ta tokarin kafaɗa sosai, shi ya sa za ka ga mutum ya ɗauki M60 mai nauyin sama da kilo 10 da hannu ɗaya yana harbi ko gezau.

Sai ta biyu, wadda ni na fi daɗewa da yarda da ita: a harbi mutum ya tashi sama ya fasa taga ya faɗo waje. Wannan lissafinsa ɗan sakandare ma zai iya. Duk ƙarfin turin da harsashi ya tafi da shi, kwatankwacinsa ne ya dawo wa mai harbin a kafaɗa, da harsashi na iya cilla ƙato mita uku baya da shi ma mai harbin ya kifa. Kan harsashin AK bai wuce giram 8 ba, yana fita da gudun kusan mita 715 a sakan, ko da ya sauke duk turinsa a jikin mutum mai kilo 70 abin da zai motsa shi bai wuce santimita 8 a sakan ba, alhali tafiyar da kake yi zuwa masallaci ta fi mita ɗaya a sakan. Shirin MythBusters na tashar Discovery sun gwada da gawar alade a rataye, suka yi ta sakar mata wuta da bindigogi kala-kala, da ƙyar take motsi. A lokeshin abin da ake yi shi ne a ɗaura wa mutum ɗamara ƙarƙashin riga a haɗa da waya, in darakta ya ba da alama a fizge shi baya, jinin da ke tartsatsi kuma 'yar leda ce da jan ruwa da ɗan ƙaramin abin fashewa da ake tayarwa daga nesa.

To me ya sa wannan ya dame ni? Saboda ya koya mana cewa wanda aka harba nan take yake faɗuwa, wanda kuma bai faɗi ba lafiyarsa ƙalau, kuma duka biyun ba haka ba ne. Ranar 11 ga Afrilu 1986 a Miami jami'an FBI takwas suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu, cikin ƙasa da minti biyar aka harba kusan harsashi 145. Ɗaya daga cikin 'yan fashin, Michael Platt, tun farkon faɗan harsashi ya ratsa hannunsa ya shige ƙirjinsa ya tsaya dab da zuciya, raunin da ba zai tashi ba ne, amma a haka ya ci gaba da harbi har ya kashe jami'ai biyu, kafin ya mutu harsashi 12 ne suka same shi, wannan faɗan ne ma ya sa FBI ta sake duba irin ƙananan bindigogin da take ba jami'anta. Ɗaya ɓangaren kuma shugaban Amurka Ronald Reagan, da aka harbe shi ranar 30 ga Maris 1981 a Washington shi kansa bai san an same shi ba, ya ɗauka haƙarƙarinsa ne ya karye da mai tsaronsa ya hankaɗa shi cikin mota, sai da ya yi tari jini mai kumfa ya fito sannan aka karkata motar zuwa asibiti, ashe harsashi na cikin huhunsa kusa da zuciya. Da an biye wa "ai yana magana, ai yana tafiya da ƙafarsa" da wani labarin ake yi.

Maganar ƙara kuwa wallahi fim bai taɓa kusantar gaskiya ba, kuma ba zai iya ba, don da lasifika za ta fitar da ainihin ƙarar da babu mai zama a silima. Hirar da muke yi kusan desibel 60 ce, daga 140 kunne na iya samun illa nan take ko da sau ɗaya ne, yawancin bindigogi kuma tsakanin 150 da 170 suke, kuma ma'aunin ba irin na mudu ba ne, duk ƙarin 10 ƙarfin sautin ya ninka sau goma kenan. Ranar da na fara ganewa ranar hawan Sallah ce, na kutsa gaba don in ga dawakai sai 'yan bindigar sarki suka iso dab da inda nake, ɗaya ya ɗaga bindigar toka ya saki, na ji abin a ƙirjina kafin kunnena, hayaƙi ya turnuƙe, ina ganin bakin abokina na motsi ba na jin komai sai wani ɗiiii da bai bar ni ba har magariba. A fili kenan fa, kuma albarushi ne zalla. Yanzu ka auna mutum huɗu a cikin mota gilas a rufe suna harbi, ko cikin ɗan ƙaramin ɗaki, sannan wai suna raɗa wa juna magana suna jin takun sawun abokin gaba. Bruce Willis da bakinsa ya faɗa cewa ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na jin kunnensa na hagu a wajen ɗaukar Die Hard na farko, kuma harsashin fanko ne. A Amurka ƙarar kunnen nan da ba ta ɗaukewa ita ce lalurar da ta fi yawa cikin waɗanda ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kai. Kawu ma in za ka yi masa magana sai ka zauna ta damansa, mai harbi da dama kunnen hagu ne ke fuskantar bakin bindiga, shi ke fara tafiya.

Daga nan sai salansa. Eh salansa dai, irin ta mashin da mota, sunan ɗaya ne aikin ma ɗaya ne, kuma mutumin da ya yi rajistar ta bindiga a 1909, Hiram Percy Maxim, ya yi harkar ta injina ma. Mahaifinsa ne ya ƙera bindigar Maxim ɗin nan da Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. A fim ana ɗaura ta sai ka ji "fit fit" kamar an tofar da yawu, a kashe mai gadi na kusa da shi bai farka ba. A zahiri abin da take ragewa desibel 20 zuwa 35 ne, wato daga 160 a dawo wajen 130, wanda ya fi ƙarar injin niƙa nesa ba kusa ba. Ka tuna mashin mai salansa ma ai kana jin zuwansa, bambancinsa da wanda aka cire wa ita shi ne ba ya fasa maka kai. Sannan akwai ƙara ta biyu da salansa ba ruwanta da ita: sauti na gudun kusan mita 343 a sakan, duk harsashin da ya fi haka gudu yana yin wata ƙara kamar bulala a iska duk inda ya bi. Wannan kuma na nufin wanda aka harba daga nesa harsashin ke riga ƙarar isa, daga mita 700 sai ƙarar ta yi kusan sakan 2 a hanya, don haka aktan da ke jin harbi sannan ya goce, abin da ya goce wa ya riga ya wuce.

Ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji duk lokacin da aka ɗaga bindiga ko aka juya ta, ba daga bindigar yake ba, masu haɗa sauti ne ke sa shi daga baya a situdiyo, sana'ar ma sunan wani Jack Foley na kamfanin Universal take ɗauke da shi. Bindigar da ke ƙara haka don an motsa ta lalatacciya ce. Haka ɗana bindiga sau biyu sau uku don a tsorata mutum, in da harsashi a ciki duk ja ɗaya lafiyayyen harsashi ne zai faɗo ƙasa, in kuma babu to tun ɗazu da fanko yake barazana. Tankin mota ba ya fashewa don harsashi ya huda shi, man zuba kawai yake, dalma da jan ƙarfe ba su cika yin tartsatsi ba, walƙiyar da kake gani a jikin bango 'yan ƙwallaye ne na musamman da ake harbawa. Harbin kwaɗo kuma ya fi kusa da dawo maka da ɓarɓashin ƙarfe a fuska fiye da buɗe ƙofa. Har a Die Hard na biyu a 1990 an ce wai akwai bindigar Glock ta tangaran ƙirar Jamus da na'urar filin jirgi ba ta gani, mutane da yawa suka riƙe, alhali Glock ƙirar Ostiriya ce kuma bututunta da samanta ƙarfe ne zalla.

Inda maganar ta fi nauyi a wajena shi ne saiti. A fim akta na gudu, ko yana tsalle, ko bindiga biyu hannu biyu, ko ya karkata ta a kaikaice irin na 'yan daba, kuma duk harbi ɗaya mutum ɗaya. Bindiga tana da abin saiti gaba da baya da dole ido ya jera su, ido kuma ba ya jera biyu lokaci guda, in ka karkata ta ma ka watsar da saitin gaba ɗaya. Cibiyar RAND ta yi nazari a 2008 kan 'yan sandan New York, daga 1998 zuwa 2006, ta samu cewa idan ana musayar wuta kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda suka nufa, mutanen da aka horar kenan ake kuma sake gwada su, saboda in tsoro ya zo hannu rawa yake, numfashi ya hau, ido ya ƙanƙance a kan abu ɗaya. Ranar 4 ga Fabrairu 1999 a unguwar Bronx 'yan sanda huɗu suka buɗe wa Amadou Diallo wuta, ɗan Gini mai shekara 23, yana ƙofar gidansu babu makami a hannunsa sai walat, harsashi 41 suka harba 19 suka same shi, Allah ya jiƙansa. Mutum ɗaya a tsaye a bakin ƙofa, tazara kaɗan, ba ya ramawa, amma fiye da rabi sun kauce. Don haka masu cewa "me ya sa bai harbe shi a ƙafa ba" ko "ya harbe wuƙar daga hannunsa mana", daga fim suka ɗauko, ba a koyar da haka don ba ya yiwuwa a dogara da shi.

Tambayar da fim ba ya taɓa yi ita ce, waɗanda suka kauce ɗin ina suka tafi? A fim ɓacewa suke. A gari kuwa harsashin AK na iya tafiyar sama da kilomita 2, kuma duk inda ya sauka akwai mai tallan kunu ko yaro a tsakar gida ko tsohuwa a kan tabarma. Ƙofar motar da 'yan sandan fim ke laɓewa a bayanta ƙarfenta bai kai kaurin milimita ɗaya ba, harsashin babbar bindiga zai shiga ta wannan ya fita ta waccan, a jikin mota injin ne kawai da wajen tayoyi ke da ɗan abin tarewa. Teburin da ake kifarwa, kujerar falo, ƙofar katako, langa-langa, duk ɓoye ka suke daga ido kawai, bulo mai rami a ciki ma ba abin dogaro ba ne. Ka lura da abin da sojoji ke tarawa a shingensu, buhunan yashi ne, saboda ƙasa mai kauri ita ke shanye harsashi. In Allah ya kawo tsautsayi ana harbi a unguwa, a kwanta ƙasa, a nisanci taga da ƙofa, a shige ɗakin da ya fi yawan bango tsakaninsa da titi, kada a leƙa, leƙen nan ya ci mutane da yawa.

Harbi sama ma haka. A fim alamar murna ce ko ta tarwatsa taro, ba a sake jin labarin harsashin. Gwajin da sojan Amurka Julian Hatcher ya rubuta a kai ya nuna harsashin babbar bindiga da aka harba sama tsaye yana dawowa da gudun kusan mita 90 a sakan, wanda ya isa ya huda fata ya kuma yi wa kai mummunar illa, in kuma a karkace aka harba shi ya fi haka gudu sosai. A Puerto Rico daren shiga shekarar 2004 kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 19 da irin wannan harsashi ya raunata, ɗaya ya mutu. 'Yan bindigar hawa albarushi kawai suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi, amma mai rakiyar babban mutum da ke sakin harsashi mai rai sama a wajen ɗaurin aure, kwanon rufin wani ne zai karɓa, kuma kwano ba ya tarewa.

Sai rauni. "A kafaɗa ne kawai," in ji akta, a yage riga a ɗaure, fage na gaba yana dambe da hannun. Kafaɗa kuwa wajen ne da babbar jijiyar jini ke wucewa ƙarƙashin ƙashin da ya taso daga wuya, ga tarin jijiyoyin da ke motsa hannu gaba ɗaya, ga gaɓa, ga saman huhu a kusa, wanda ya tsira ma yana iya rasa amfanin hannun har abada. Cinya ta fi, in harsashi ya tsinka babbar jijiyar cikinta mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Amma wadda ta fi tayar min da hankali ita ce cire harsashi: a gasa wuƙa a wuta, a tona, a jefa shi cikin kwano ya yi ƙara, kowa ya yi ajiyar zuciya wai an tsira. Ɓarnar ai hanyar da harsashin ya bi ce, shi kansa in ya tsaya sau da yawa likitoci barinsa suke in cirewar ta fi haɗari. Shugaban Amurka James Garfield an harbe shi ranar 2 ga Yuli 1881, likitoci suka yi ta zura yatsu da ƙarafa marasa tsabta cikin raunin suna neman harsashi, ciwon ya ruɓe, ya yi ta jinya har 19 ga Satumba ya mutu, kuma likitoci da yawa a yau na ganin tonon ne ya fi harsashin yi masa illa. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt kuwa da aka harbe shi a Milwaukee a 1912 likitoci suka bar harsashin a ƙirjinsa, da shi ya rayu har 1919.

Abin da ke ceton rai kafin asibiti tsayar da jini ne. A samu tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi da hannu biyu kada a riƙa ɗagawa ana dubawa, in a hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa a ɗaure tam ta saman raunin, kada a tona, kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki, a nufi asibiti. Kuma mutane su sani tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Na dawo kan abin da ya fitar da Kawu daga falo. Masu koyar da harbi suna da ƙa'idoji huɗu da wani tsohon laftanar kanar na sojan Amurka Jeff Cooper ya yaɗa: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ba ya shiga kan kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi, sannan ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. An jera su ne yadda ko ka karya ɗaya sauran za su tare. Fim kuwa a fosta ma yake karya su, yatsa a kunama, ana sosa kai da bakin bindiga, ana cusa ta a gaban wando, ana cilla wa aboki ita. Yatsan da ke kan kunama ba ya jiran izini, tuntuɓe ko firgita ko wani ya bangaje ka hannu damƙewa yake da kansa, yawancin abin da ake kira "bindiga ta tashi da kanta" wannan ne. Ga kuma kuskuren da ya fi kisa, mutum ya zare magazin ya ce ai babu komai, ya manta da ɗayan da ya riga ya hau cikin bututu.

Su kansu masu fim ɗin abin bai bar su ba. A Oktoba 1984 Jon-Erik Hexum, ɗan wasa mai shekara 26, ana jiran a ci gaba da ɗauka ya ɗora bindiga mai harsashin fanko a gefen kansa da wasa ya ja kunama, ƙarfin iskar da ta fito kaɗai ya fasa ƙashin kan ya tura shi cikin ƙwaƙwalwa, bayan kwana shida ya mutu. Ranar 31 ga Maris 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da duk muka sani, yana shekara 28, ana ɗaukar The Crow, kan wani harsashin ado ya maƙale a cikin bututu tun wani fage na baya ba wanda ya leƙa ya duba, da aka sa fanko aka harba sai ya turo shi kamar harsashin gaske ya same shi a ciki. Sai 21 ga Oktoba 2021 a New Mexico wajen ɗaukar Rust, an sanar cewa bindigar babu komai cikinta, tana hannun Alec Baldwin ana gwajin fage ta tashi, harsashi mai rai ya ratsa mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ya kuma raunata darakta Joel Souza da ke bayanta, ta mutu tana shekara 42 ta bar ƙaramin yaro. Baldwin ya ce bai ja kunama ba, gwajin FBI ya ce bindigar ba ta tashi sai an ja, mai kula da makaman Hannah Gutierrez-Reed kotu ta ɗaure ta wata 18 a 2024, shari'ar Baldwin kuma aka kore ta a watan Yulin shekarar saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata hujja. Duka ukun in ka duba wani ne ya ce "ai babu komai a ciki", kuma bakin bindiga na kallon mutum. Bayan mutuwar Hutchins wasu shirye-shirye suka daina amfani da bindigar gaske kwata-kwata, suka koma ta roba a sa wutar da kwamfuta.

Wannan ɗin mu a Kannywood dama haka ake yi, bindigar roba ko ta katako a ƙara wuta da ƙara wajen tacewa, kuma ni ina ganin ya fi, kada ma wani ya ce sai an kawo ta gaske don fim ya yi armashi. Ban kuma damu a ƙirga harsashi ba, a bar akta ya yi ta harbinsa, ni ma ina jin daɗin kallo. Riƙon ne nake roƙon a gyara, don shi muka kwafo sak, ɗan sandan fim ɗinmu na shiga gidan mutane yatsa a kunama yana nuna mata da yara da bakin bindiga, kuma yaran da ke kallo a waya su ne gobe 'yan sa-kai da 'yan sintiri da sabbin kurata. Tsofaffin sojoji da 'yan sanda sun cika gari, kiran ɗaya lokeshin na yini guda ya nuna wa 'yan wasa inda ake ajiye yatsa bai kai kuɗin abincin rana ba.

Sallar da ta wuce na je gaida Kawu, ya tsufa sosai yanzu, jikokinsa sun cika zaure da bindigogin robar nan na Sallah masu harba 'yan ƙwallaye, ɗaya ya zo da gudu ya saita shi a fuska yana "Kaka hannu sama!" Bai yi masa tsawa ba. Ya ce "zo nan Sojana," ya kama bakin bindigar ya karkata shi ƙasa, ya zare ɗan yatsan daga kan kunama ya miƙar da shi a gefen bindigar, ya ce ya je ƙofa ya dawo a haka. Yaron ya je ya dawo yatsa a miƙe, sannan Kawu ya laluba aljihu ya ba shi goron Sallarsa.